Ba Ciyawata Ce Ta Kawo Gara Ba

Asabar, 18 ga Zulhajji, bayan sallar Asuba

Na gama lulluɓe lambu. Duk wanda ya leƙo tsakar gidan nan yau ya san mace ta yi aiki. Zogale, yakuwa, rama, kuɓewa, lalle, kowa na rufe masa gindi da tibin, busasshiyar ciyawar nan da ake zuba wa raguna. Ƙanena Mukhtaru ne ya kawo mini buhu-buhu daga kasuwar tumaki ta nan Ka'akiyya. Layya ta wuce, raguna sun ƙare, ciyawa ta yi wa masu sayarwa kwantai. Yana saukewa yana cewa, "Yaya, akuya kika saya ba mu sani ba?" Na ce masa ya ajiye kaya ya bar mini tambaya.

Dabarar Innarmu ce tun muna Maiurno, can Sudan. Ranar Makka a wannan wata ba ta barin ruwa ya wuni a ƙasa, kana zubawa tana shanyewa. In ka rufe gindin shuka da ciyawa, laima takan kai yamma. Malam, mijina, safe da yamma yake ban ruwa. Ni yanzu safe kaɗai nake samu, domin daga hantsi har Isha'i ina asibiti wajensa.

Lambun nasa ne. Babban zogalen da ke tsaye a gaban ƙofar ɗakinsa, reshe ne ya yanko daga tsohon gidanmu ana gobe za a rushe unguwar. Mutane na kwasar katifu da tukwane, mijina na rungume da itace. Na yi masa dariya a ranar. Yau bishiyar ta fi katanga tsawo, kuma babu gidan Bahaushe a layin nan da bai ci kwaɗonta ba.

Zai dawo ya tarar da komai kore shar. Wannan aikina ne.

Lahadi, 19 ga wata, bayan Isha'i

Ya sha kunu. Da cokali na ba shi, amma ya sha.

Likita ya ja Babba waje suka yi magana, ba da ni ba. Babba ɗan farina ne. Duniya na kiransa Muhsin, ga shi na rubuta sau ɗaya, ya isa. Da ya dawo na kalle shi, ya kalli wayarsa.

Litinin, 20 ga wata, hantsi, a asibiti

Abokan aikin Malam sun zo dubiya, sun cika ɗaki da barkwanci. Tun kafin a haifi Babba yake tura arabiyya a Harami, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Ya tura malamai, ya tura attajirai, ya tura tsohuwar da ba ta da abin ba shi sai addu'a. Ba a taɓa cewa ya buge ƙafar wani ba.

Ɗaya daga cikinsu ya ba ni labarin daren Muzdalifa da ciwon ya kama shi, wanda ban tambaya ba. Wai wani dattijo yake turawa daga wajen motoci. Sai da ya kai shi gefen hanya, ya taka birki, ya gyara masa haraminsa, sannan ya zauna a ƙasa. Dattijon bai ma san wani abu ya faru ba. Na ce, "Ai haka yake." Me zan ce? Wannan shi ne mijina.

Sauran abin da ya faru ba zan rubuta ba.

Laraba, 22 ga wata, bayan Asuba

Ina cikin ban ruwa sai ga Nuf, autata, ta fito da gudu da ɗankwali a hannu. Ita Hausarta ta kwana biyu ce, in ta tsorata Larabci ke fara fitowa.

"Umma, ta'ali shufi! Namil abyad a ƙofar Baba!"

Na je na duba. Wani siririn layin ƙasa ya hau katakon ƙofar ɗakin Malam, tun daga dokin ƙofa har kusan ƙuguna. Na sa farce na ɓantare, sai ga su farare suna kai da komo. Gara ce. Ni da na tashi ina wasa a gindin suri, ba 'yar da aka haifa a asibitin Makka za ta nuna mini gara ba. Na share, na watsa toka, na ce ta je ta shirya.

Ta tsaya tana kallon ciyawata. Na ga inda idonta ya sauka.

Alhamis, 23 ga wata, bayan Magariba

Nuf ta kai rahoto. Babba ya baro gidansa na unguwar Shisha ya zo har da fitilar waya, yana haska ƙofa kamar mai neman ɓarawo.

"Umma, tibin ɗin nan ne ya jawo su. Abincinsu kika shimfiɗa musu."

Na ce, "Gara ta san hanyar gidan mutane tun kafin a haifi ubanka."

"Ɗayyib. Amma a kwashe. Kuma ni a ganina, khalas, a yi wa tsakar gidan balaɗ gaba ɗaya. A shafe da siminti a jera tayil, a huta. Ba gara, ba laka, ba kunama."

"A shafe lambun ubanka?"

"Umma, za a iya sa shuka a tukwane."

Zogalen da ya fi katanga, wai a tukunya. Na ce masa muddin ina numfashi a gidan nan ba mai zuba siminti a kan abin da Malam ya shuka, kuma in yana son balaɗ ya je ya ƙara wa gidansa na bene, inda ko tsiron albasa babu. Ya sunkuyar da kai. Yaron yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma bai ce ya janye ba.

Na lura da yadda maganar balaɗ ta fito masa sumul, kamar wadda ya daɗe yana taunawa. Gara dai ta zame masa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Juma'a, 24 ga wata, la'asar

Ciyawata ba ta kawo gara ba.

Asabar, 25 ga wata, bayan Asuba

Maƙwabciyata Maryama ta leƙo ta kan katanga tana shanya. 'Yar Damagaram ce, ta Chadi iyayenta suka biyo, kuma bakinta ba shi da murfi. Na ba ta labari don ta taya ni faɗa, sai ta ce, "Hajiya, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Gara da busasshiyar ciyawa ai kamar ni da shayi ne."

Na ce, "To me ya sa ba ta ci ciyawar ba, ta tafi ƙofa?"

Ta riƙe baki ta ce, "Wannan kuma sai ki tambaye ta."

Na ɗaga tibin a gindin kowace shuka na duba. Ƙasa a jiƙe, sanyi ƙalau, 'yan ƙwari na harkarsu. Na ga gara ɗaya-ɗaya a gindin rama, ban ɓoye wa kaina ba. Amma ba irin rundunar da ke cin ƙofa ba. Kuɓewa ta fara fure. A wannan zafin da ko kyanwa ba ta taka ƙasa da rana, lambun mutumin da ke kwance ya fi na masu lafiya kyau.

Na tsinko ganyen zogale na kai masa a leda. Na sa masa a hannun dama ya murza ya kai hanci. Na sa a ɗayan hannun, sai na ɗauke na mayar dama.

Litinin, 27 ga wata, azahar

Yau ban je asibiti da wuri ba, Babba ya kawo mai feshin ƙwari. Wani ɗan Sudan ne mai fara'a, gumi ya jiƙe masa riga. Da ya ji ni 'yar Maiurno ce sai da muka gaisa da kyau. Ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce cikinsa ya fara zama holoƙo.

Babba ya yi maza ya ce, "Tibin ne, ko?"

Mutumin ya ce, "Wallahi ya ustaz, tibin ba ya kiran arda, wato gara, daga wata unguwa. Tana nan a ƙasa tun da can, duk Makka haka take. Laima take bi. Amma ciyawa in ta jingina da bango tana riƙe laima, ta zame mata gada. A ja ta baya kamar kamu ɗaya." Sannan ya juyo gare ni. "Ya Hajja, akwai inda ruwa ke zuba kusa da ɗakin nan?"

Na ce, "Gidana ba ya yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya ce to, in mun shirya a kira shi ya huda gindin bango ya zuba magani. Ya tafi. Ni na ji an wanke ciyawata, Babba ya ji an kama ta. Kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya sa a aljihu.

Bayan sun fita na ja tibin baya daga bango. Ba don maganarsu ba, dama ina da niyya.

Talata, 28 ga wata, bayan Isha'i

Sun zaunar da shi a bakin gado, mutum biyu na riƙe da shi. Wata ma'aikaciya tana ta cewa "mumtaz, mumtaz", wai ya yi kyau. Ban ga abin mumtaz ba. Ya kalle ni, na gyara masa hula.

Maganarsa tana fitowa, sai dai a hankali, kuma ba duka ba. Ya ce, "Ruwa." Na miƙo kofi, ya kau da kai. Sai na gane lambu yake nufi. Na ce masa kullum ina ba su, kuma na lulluɓe su da tibin. Ya daɗe yana motsa baki, kamar akwai sauran magana, sai ya gaji ya rufe ido.

Laraba, 29 ga wata, la'asar

Na dawo ɗaukar kaya na tarar da Babba da wani mutum a tsakar gida da igiyar awo. Ya ce kafinta ne, sabon katakon ƙofa za a yi. To, kafinta ya auna faɗin ƙofa, na gani. Amma na ga ya tsuguna ya auna tsayin dokin ƙofa daga ƙasa. Na kuma ga ya ja igiyar tun daga ƙofar gida har ƙofar ɗakin, ta ratsa ta kan yakuwa, ta zo ta ci karo da babban zogale. Suka kalli bishiyar, suka kalli juna.

Ban tambaya ba. Na ɗauki flas na fita.

Alhamis, 1 ga Muharram, bayan Asuba

Sabuwar shekara. Allah Ya sa mu ga alherinta.

Zan kawo ƙarshen gardamar nan da hujja. Innarmu in tana son gara don 'yan tsaki, tsohuwar tukunya take samu, ta cusa mata ciyawa da busasshen kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife a ƙasa. Inda gara ke da gida kusa, kwana biyu tukunya ta cika. Inda babu, ka ɗaga ka ga wayam. Haka muke sanin inda take.

Tukunyar ƙasa ta yi wuya a garin nan, sai na yi da gwangwanayen man girki. Mukhtaru ya aiko mini da kashin tumaki yana ta mita, wai shi dai bai san abin da Yaya ke dafawa ba. Na kife ɗaya a tsakiyar ciyawa cikin rama, ɗaya a gindin katangar Maryama, ɗaya kuma na tura shi bakin lungun da ke bayan tankin ruwa, jikin bangon ɗakin Malam. Lungun matsattse ne, ba mai shiga sai Malam.

Nuf ta ɗauki hoto tana dariya, wai za ta tura wa ƙawayenta "tajribar Umma", wato gwajina. Ta yi dariyarta. Maryama ta ce in an samu a ba ta, kajinta na kan soro sun daɗe ba su ga daɗi ba.

Juma'a, 2 ga wata, bayan Isha'i

Babba ya sake tayar da maganar balaɗ a mota. Na ce ya jira gwangwanina. Ya ce, "Umma, lokaci ne ba mu da shi." Na ce lokacin me? Ya ƙara sautin rediyo.

Lahadi, 4 ga wata, hantsi

Na ɗaga na cikin rama: ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ɗaga na gindin katanga: babu ko ɗaya. Na kira Nuf ta zo ta gani da idonta, na ce ta ɗauki wannan hoton ma.

Sai na jawo na bakin lungu. Nauyinsa kaɗai ya gaya mini. Ya cika maƙil, sun cinye ciyawar sun gina ƙasa a ciki, suna zubowa ta kan hannuna. Na ce, "To ga gidansu nan, kuma babu ko tsinken tibin a wajen." Daɗi ya kama ni har na yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Amma gwiwar zanena ta jiƙe. Na dafa ƙasa, laka ce. Na matsa na cusa kaina bayan tanki.

Bokiti ne. Tsohon bokitin fenti, a ƙarƙashin bututun mukayyif ɗin ɗakin Malam, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwanta. Ya cika ya tumbatsa, Allah kaɗai Ya san tun yaushe, har gansakuka ta fito a bakinsa. Ruwa ya bi gindin bango ya jiƙa shi sharaf. Daga nan layukan gara suka tashi, suka bi bango suka zagaya zuwa ƙofa.

Na sha ganin Malam da asuba yana fitowa daga lungun nan da bokiti, yana juye wa babban zogale. Da yamma ma haka. Ban taɓa tambayar kaina daga ina yake ɗebo ruwan ba. Ina tsammanin daga tanki ne.

Nuf ta ce, "Umma, leish mukayyif ɗin Baba yake kunne? Ba kowa a ɗakin."

Na ce mata ba ya son shiga ɗaki mai zafi.

Tun ranar da ya fita aikin Hajji yake kunne, dare da rana. Ni ce ban kashe ba.

Lahadi, bayan Magariba

Na kira Babba na nuna masa. Na jera masa gwangwanayen a gabansa kamar shaidu a gaban alƙali. Ya duba, ya shiga lungu da farar rigarsa, ya fito da laka a gwiwa.

Ya ce, "Kin yi gaskiya, Umma. Ba tibin ba ne."

Na ce, "Maimaita, kunnena ya tsufa."

Ya maimaita. Na ce to, a gyara bututu, a zuba magani a gindin bango, a canza katako, magana ta ƙare. Lambu ya tsira.

Ya zauna a kan dokin ƙofar ubansa. Sannan ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Larabci ɗaya, abin da rabon da in ji daga bakinsa tun yana ƙarami.

"Umma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma na san ba don gara nake son balaɗ ba, ke ma kin sani. Sati mai zuwa za su sallame shi. Ba da ƙafarsa zai shigo gidan nan ba. Taya ba ta tafiya a kan laka da ciyawa, kuma bishiyar nan ta tare ƙofa. Ko dai a yi masa hanya, ko in kai shi Shisha, can akwai lifta."

Na ce masa ya tashi ya tafi gida, matarsa na jira.

Litinin, 5 ga wata

Na kashe mukayyif.

Talata, 6 ga wata, bayan Asuba

Na yi ban ruwa. Kuɓewa ta yi 'ya'ya.

Laraba, 7 ga wata, la'asar

Shisha. Hawa na huɗu, taga ɗaya mai kallon bangon wani. Mutumin da in ya dawo daga Harami ƙafafunsa na zafi, ba ya shiga ɗaki sai ya zauna a ƙarƙashin zogale ya sha shayi. Su kai shi can ya yi ta kallon silin kamar kayan ajiya.

Ina jin haushin Babba, kuma ba shi da laifi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Alhamis, 8 ga wata, hantsi, a asibiti

Sun kawo masa arabiyya ɗakin yau, sabuwa fil, da leda a jikin tayoyinta. Suka ɗora shi a kai. Na juya ina gyara gado, gadon da ba abin da ya same shi.

Da na waiwayo sai na ga ya sa hannun dama yana taɓa birki, yana gwada shi. Ya girgiza kai ya dubi ma'aikacin ya ce, "Sako-sako." Yaron bai ji Hausa ba, Nuf ta fassara masa. Ya duba, ya ga gaskiya ne, ya tafi neman sifana.

Shi ya riga ni karɓa. Ni ce nake ta faɗa da gwangwani.

Asabar, 10 ga wata, bayan Magariba

Ashura. Na sha ruwa, na yi tuwon cika-ciki da miyar zogale da wutsiyar ragon layya da na ajiye. Na aika wa Maryama, na aika wa Mukhtaru, na cika kula na kai asibiti. Ganyen duk daga babbar bishiya na tsinko, na tsinka da yawa, fiye da abin da miya ke bukata. Sauran na baza a ɗaki ya bushe.

Malam ya ci loma mai yawa. Na so in gaya masa shawarar da na yanke, bakina ya ƙi.

Lahadi, 11 ga wata, bayan Asuba

Na kira Babba kafin ya fita aiki. Na ce ya saurara da kyau domin ba zan maimaita ba. Ba za a shafe tsakar gida ba. Hanya za a yi, daga ƙofar gida zuwa ƙofar ɗaki, da reshe ɗaya da zai shiga tsakiyar lambu inda mutum zai zauna a inuwa ya juya. Dama da hagu ƙasa ce, kuma ciyawata na nan inda take. Ya ce kafinta ya ba shi awon faɗi. Na ce ya riƙe awonsa, arabiyya ta kwana a zaurena shekara da shekaru, na san faɗinta kamar na san faɗin gadona. Na ɗebi toka na zana masa layi biyu a ƙasa.

Ya ce, "Bishiyar fa? In turo masu sara?"

Na ce kada wanda ya taɓa ta.

Litinin, 12 ga wata, hantsi

Na ari adda wajen Maryama. Ta ce in bari Mukhtaru ya zo, na ce ko shi ko wani.

Zogale ba shi da taurin itace, kowa ya sani. Na ɗauka sara kaɗan zai faɗi. Sai da hannuna ya yi kanta, na huta, na koma. Maryama na kan katanga tana kallo. Da ya tafi zai faɗi ta ce, "Ja baya, Hajiya." Ya kwanta a kan yakuwa, tsakar gida ta yi wani irin haske da ban so ba.

Na duba kututturen da kyau. Fari tas, ko huda ɗaya babu. Gara ba ta taɓa shi ba. Lafiyarsa ƙalau na sare shi.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Sannan na wanke fuska na tafi asibiti.

Laraba, 14 ga wata, la'asar

Masu balaɗ sun tone saiwa sun zuba siminti. Na tsaya a kansu tun safe. Babbansu ya so ya bar ɗan tudu inda kututture yake, wai ba a lura. Na sa ya ɓalle ya sake. Na kawo bokiti na zuba ruwa a kan hanyar don in ga inda zai kwanta, ya kwanta wuri biyu, nan ma suka sake. Na ji yana ce wa Babba da Larabci wai mahaifiyarsa ta fi injiniya tsanani. Babba ya ce masa ai bai ga komai ba.

Mai feshi ya zuba maganinsa a gindin bango. Bututun mukayyif yanzu an ja shi da tiyo har cikin rama.

Juma'a, 16 ga wata

Gobe.

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar

Sun sauke shi daga mota a ƙofar gida. Babba ya kama hannun arabiyya zai tura, na ce ya matsa. Ya ce, "Umma, da nauyi." Na ce na san nauyinsa tun kafin ka zo duniya. Ya matsa.

Na turo shi ta zaure muka fito tsakar gida. Ya dubi rama, ya dubi kuɓewa, ya dubi tibin a gindin lalle. Ina ganin ƙeyarsa tana juyawa a hankali, dama da hagu. Da muka kusa ƙofar ɗaki sai ya sa hannu ya riƙe taya. Muka tsaya cak, daidai wurin.

Ya ɗaga kai sama, inda ganye ya saba kare rana. Babu komai sai sarari. Nuf ta fara cewa, "Baba, namil abyad ne suka…" Na ɗaga mata hannu.

Na zagayo gabansa na durƙusa yadda zai ga fuskata. Na ce, "Malam, ba gara ba ce, ba kuma yaran nan ba ne. Lafiyarsa ƙalau. Ni na sare shi, da hannuna."

Ya daɗe yana kallona. Idonsa ya kawo ruwa, nawa ma, ba wanda ya kau da kai. Sannan ya saki tayar, ya tura ta gaba kaɗan, ya dawo da ita baya, ya sake turawa a kan wurin, yana saurare kamar yadda na sha ganin yana yi. Bakinsa ya yi ta kokawa kafin maganar ta fito.

"Ba… gargada."

Na ce masa na sani. Na koma bayansa na kama, muka shiga ɗaki.